Tambayoyi da Amsoshi kan Lufin: Yadda Makaɗi Ɗaya Yake Naɗa Sauti Yana Ɗorawa a Gaban Jama'a

Mene ne lufin, kuma me ya raba shi da bin kiɗan da aka riga aka naɗa?

Lufin shi ne makaɗi ko mawaƙi ya naɗi ɗan gajeren abin da yake kaɗawa a gaban masu sauraro, na'urar da ake kira lufa ta riƙa maimaita shi ba tsayawa, shi kuma ya ci gaba da ɗora wasu sautukan a kai har kiɗa ya cika. Abin da na'urar take maimaitawa shi ne zagaye. Wanda ya sa kiɗan da aka haɗa a sitidiyo yana bi da baki ya zo da abinsa a shirye, amma mai lufin yana hawa dandamali ne da na'ura wadda babu komai a cikinta, kuma duk abin da aka ji, a idon jama'a aka gina shi. Darajar abin ke nan, kuma haɗarinsa ke nan, domin kuskuren da makaɗi zai yi sau ɗaya ya wuce, na'urar za ta dawo masa da shi a kowane zagaye.

Daga ina wannan dabara ta samo asali?

Ta girmi na'urorin da ake takawa da ƙafa. A shekarar 1963, a birnin Paris, makaɗin nan ɗan Amurka Terry Riley ya yi aiki da rikoda biyu masu zaren naɗar sauti, inda zare ɗaya yake fita daga ta farko ya shiga ta biyu. Ta farko tana naɗa, ta biyu tana karantawa tana mayar mata da abin da ta karanta, kuma tazarar da ke tsakanin rikodojin ita ce tsawon zagayen. Brian Eno da Robert Fripp na Ingila sun bi wannan hanya da rikodojin Revox guda biyu a faifan da suka fitar a 1973. A irin wannan tsari, sautin da ya tsufa yana dusashewa a hankali yayin da sabo yake hawa kansa.

Na'urorin zamani sun fara yaɗuwa ne da JamMan na kamfanin Lexicon a 1993, wanda yake ɗaukar daƙiƙa 8 kacal idan ba a ƙara masa ma'adana ba. DL4 na Line 6 ya biyo baya a 1999, sannan RC-20 na Boss a 2001. Jama'a da yawa a Birtaniya sun fara ganin abin ne a 2004, lokacin da KT Tunstall ta fito a shirin Jools Holland na talabijin ɗin BBC ita kaɗai da jita da na'urar Akai Headrush, wadda lufa ce. A watan Yulin 2015 kuwa Ed Sheeran ya yi dare uku yana wasa a filin Wembley, babu ƙungiyar makaɗa a bayansa sai jita da lufa.

Wace irin na'ura ta dace da mai farawa?

Mai layi ɗaya, wato wadda take riƙe zagaye ɗaya tak da duk abin da aka ɗora masa, mai maɓalli ɗaya ko biyu. Ditto na kamfanin TC Electronic, wanda ya fito a 2013, yana da maɓallin takawa ɗaya da makunnin ƙara ɗaya, kuma yana ɗaukar minti 5. Takawa ɗaya ta fara naɗa, ta biyu ta rufe zagaye, takawa biyu a jere ta tsayar, dannewa kuma ta soke ɗorin ƙarshe. RC-1 na Boss ma haka yake da sauƙi, ga fitilu masu nuna inda zagaye ya kai. Wanda zai hau dandamali, gara ya nemi mai maɓallin tsayarwa na daban, saboda takawa biyu a jere a daidai bugun da ake so abu ne mai wuya idan jiki ya ɗauki zafi.

Masu waƙa da masu kiɗan baki sun fi karkata ga na'urar ɗorawa a tebur irin RC-505, wadda ta fito a 2013 da layuka biyar da ake sarrafawa da yatsu. Na'ura ce mai kyau ƙwarai, sai dai ba na ba mai farawa shawarar ya fara da ita. Wanda bai iya rufe zagaye ɗaya daidai ba, layuka biyar ba za su ƙara masa komai ba sai wuraren yin kuskure.

Me ya sa zagayena na farko yake ɗingishi a duk lokacin da ya koma farko?

Wannan ita ce uwar matsalolin, kuma kusan kowa da ita yake farawa. Dalilin da ya fi yawa shi ne ana rufe zagaye a wurin da ba nan ba ne. Idan kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, to ƙafa tana sauka a kan "ɗaya" don fara naɗa, kuma a kan "ɗaya" ta gaba za ta sake sauka don rufewa. Mai koyo yakan taka da zarar ya buga sauti na ƙarshe, wato a kan "huɗu", sai ya yanke bugu guda, zagayen ya riƙa tuntuɓe. Wani kuma yakan gama kaɗawa, ya ɗan dakata, sannan ya taka, sai a riƙa jin ɗan rami a kowace dawowa.

Maganinsa abu uku ne da suke tafiya tare. Na farko, kada ka fara naɗa daga shiru. Ka kaɗa jimlar sau biyu ko uku tukuna, na'urar ba ta naɗa, har saurin ya zauna a jikinka, sannan ka taka kana cikin tafiya. Na biyu, ka bar ƙafar da za ta taka tana buga ƙasa da bugun tun kafin lokaci, dunduniya a ƙasa, tafin ƙafa yana shawagi dab da maɓallin, ta yadda takawar za ta zama ɗaya daga cikin bugun da ƙafar take yi, ba wani aiki na daban ba. Na uku, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, kada hannu ya tsaya a lokacin da ƙafa ta rufe. Ka buga sautin farko na zagaye na gaba tare da takawar, kamar za ka ci gaba, sannan ka janye hannu. Wanda ya shirya tsayawa, jikinsa yakan rage gudu a bugu na ƙarshe ba tare da ya sani ba.

Akwai kuma wutsiyar sauti. Idan tsirkiya tana cikin amo aka rufe zagaye, na'urar za ta datse amon, a ji kamar an toshe wa mutum baki. Na'urori da yawa suna ba da zaɓi a kan abin da takawa ta biyu za ta yi: ko ta koma maimaitawa kawai, ko ta wuce kai tsaye zuwa ɗorawa. Idan ka zaɓi ta wuce zuwa ɗorawa, amon da ya rage zai zuba a kan farkon zagayen ya ɗinke bakin. Wannan zaɓi shi ya fi dacewa da murya da goge da duk wani sauti mai ja.

Ina ganin ya kamata mai koyo ya yi kwanaki yana wannan kaɗai: ya naɗa, ya saurara da ido a rufe, ya goge, ya sake. Idan ya kasa gane inda bakin zagayen yake, to ya samu.

Wane tsawo ya kamata zagaye ya kasance?

Lissafin mai sauƙi ne. A saurin bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, gaɓa mai bugu huɗu daƙiƙa 2 ce, gaɓa huɗu kuma daƙiƙa 8. A na'ura mai layi ɗaya, zagaye na farko shi yake yanke tsawon duk abin da zai biyo baya, kuma duk ɗorin da za ka yi sai ya ci wannan tsawon. Idan zagayen daƙiƙa 16 ne, kuma kana son ɗori biyar, masu sauraro za su yi fiye da minti guda suna jira ba ka buɗe baki ba. Saboda haka gajeren zagaye ya fi dacewa da bugu, dogo kuma da jerin karin da waƙa za ta hau.

A na'ura mai layi ɗaya dole ne a daidaita: idan karin yana buƙatar gaɓa huɗu, to bugun ma sai an kaɗa shi gaɓa huɗu cur, ko da abu ɗaya ake maimaitawa. Masu layuka da yawa suna barin layi na farko ya zama gaɓa ɗaya, na biyu ya ninka shi sau huɗu ko takwas, su tafi tare.

Da me ake farawa, kuma ta yaya ake jera ɗori?

Yawanci da bugu ake farawa, domin shi ne zai riƙe sauran. Mai jita yana samunsa ta hanyar danne tsirkiyoyi da tafin hagu ya karce su, ko ya bugi jikin jitar da dunduniyar hannu don sauti mai kauri, da yatsu a gefe don mai kaifi. Bayan bugu sai sauti mai kauri na ƙasa, sannan kari, sannan ado. Sai dai wannan ba doka ba ce. Akwai waƙar da ta fi kyau a fara da kari, bugu ya shigo daga baya ya tayar da ita.

Abin da nake ɗauka doka shi ne kowane ɗori ya sami wurinsa, ko a tsayin sauti ko a lokaci. Idan na farko yana tsakiyar jita, na biyu ya hau sama ko ya sauka ƙasa. Idan na farko ya cika kowane bugu, na biyu ya zama sauti biyu ko uku kawai a cikin gaɓa. Babban kuskuren ƙwararren makaɗi da ya shigo lufin shi ne ya kaɗa zagaye na farko yadda ya saba kaɗawa shi kaɗai, a cike, da bugu da kari da ado a haɗe. Abin yana da daɗi a kunne, amma ya cinye filin duka. Zagaye na farko ya kamata ya yi ƙaranci har ka ji kamar bai isa ba. Aikinsa irin na 'yan amshi ne: su riƙe abu ɗaya ba canji domin jagora ya sami inda zai sake.

Kuma ɗori uku ko huɗu sukan wadatar. Abin da jama'a suka zo ji shi ne abin da kake yi da hannunka da muryarka a kan zagayen.

Me ya sa sauti yake cakuɗewa ko ya fashe bayan na ɗora da yawa?

Kowane ɗori yana ƙara ƙarfi. Sautuka biyu mabambanta masu ƙarfi ɗaya, idan aka haɗa su, ƙarar tana hawa da kimanin desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), huɗu kuma da kimanin 6. Wanda ya naɗi zagaye na farko dab da iyakar na'ura bai bar wa sauran wuri ba. Ka rage ƙarfin shigarwa tun farko, kuma ka sa ƙarar zagaye ta yi ƙasa kaɗan da ta abin da kake kaɗawa kai tsaye. Sauti mai kauri shi ya fi saurin taruwa ya zama laka, don haka ɗori ɗaya tak ya kamata ya riƙe ƙasa. Ga murya, a yanke sauti mai kauri da ke ƙasa da hez 80 zuwa 100 (hez shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti) a kan miksa, wato na'urar da ake haɗa sautuka a daidaita su kafin su fita lasifika.

Wurin da aka sa lufa a jerin na'urori ma yana da tasiri. Duk na'urar sauya sauti da ke gabanta, tasirinta yana shiga cikin naɗin ya zauna, abin da zai ba ka damar naɗa wani ɗori da amsa-kuwwa, wani kuma a bushe. Wadda ke bayanta kuwa tana shafar komai baki ɗaya. Shi ya sa yawanci lufa take zama ta ƙarshe. Idan amfilifaya ce take murƙushe sautin jitarka, kuma lufar tana gabanta, duk ɗorin zai shiga ya murƙushe tare, ya fito a dagule.

Ina amfani da makirufo. Ta yaya zan hana lasifika komawa cikin naɗin?

Wannan ciwo ne na masu murya da masu kayan kiɗan da ba a jona su da waya. Yayin da kake ɗorawa, makirufo yana jin muryarka, yana kuma jin zagayen da ke fita daga lasifika, sai ya sake naɗe shi a kan kansa. Bayan zagaye kaɗan sautin yakan zama kamar daga cikin rijiya, daga nan kuma sai ƙarar nan mai tsini ta tashi.

Ka yi amfani da makirufo mai ji ta gaba kawai, irin Shure SM58, ka kusantar da baki sosai domin a rage ƙarfin shigarwa, kuma lasifikar da kake ji da ita ta kasance daidai bayan makirufon, inda ba ya ji. Abin sawa a kunne ya fi kowace lasifika. Sannan kada ka bar na'urar a kan ɗorawa alhali ba ka yin komai: ka shiga dab da jimlar, ka fita da ta ƙare. Wasu suna ajiye makirufo biyu, ɗaya na lufa, ɗaya na waƙa wanda yake wucewa kai tsaye zuwa miksa, domin kada tari ko gaisuwar jama'a ta faɗa cikin zagaye.

Za a iya yi da kalangu, gurmi, kuntigi ko goge?

Za a iya, kuma kayan tsirkiya irin gurmi da kuntigi sun dace da shi, tunda kiɗansu dama a kan gajeriyar jimla mai maimaituwa yake tafiya. Ƙaramin makirufon da ake mannawa a jikin kayan kiɗa yana rage matsalar lasifika, ko da yake yakan ɗauko ƙarar hannu da gogar riga, don haka sai an gwada wurare kafin a sami inda ya fi.

Abubuwa biyu ne suke buƙatar lura. Na ɗaya, kiɗan da ke cikin na'urori da tsarinsu da yake jawo takawa ta faɗa daidai kan bugu galibi a kan bugu huɗu aka saita su, alhali kiɗan Afirka ta Yamma da yawa yana tafiya ne a uku-uku, irin abin da ake rubutawa 6/8 ko 12/8. Idan ba a sauya ba, ko ba a kashe shi ba, na'urar za ta ja bakin zagayen zuwa inda ba ka nufa ba. Na biyu, kalangu magana yake yi, kuma daɗinsa yana cikin matsi da sakin da makaɗi yake yi a hammata yana bin abin da ke faruwa a wurin. Idan aka kulle wannan magana a zagaye, a dawowa ta biyar ta zama surutu. A ganina, gara a naɗi bugu mara ado a matsayin shimfiɗa, a bar kalangun a hannu yana magana a kai. Kayan fata kuma suna sauya murya da zafi da laima, saboda haka zagayen da aka adana jiya ba lallai ya dace da gurmin yau ba.

Ta yaya ake lufin tare da wasu makaɗa?

Na'ura ba ta ji kuma ba ta jira, don haka kowa ita zai bi. Idan mai ganga ba ya jin zagayen sosai, rabuwa dole ce. A ce zagaye mai daƙiƙa 8 ya yi tsawo da kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa kawai. Kai kaɗai ba za ka damu ba, amma idan mai ganga yana bin nasa saurin, bayan dawowa 20 tazarar ta kai daƙiƙa guda, wato bugu biyu a saurin 120. Mafita ita ce a ba mai ganga zagayen a kunne da ƙarfi, kuma zagayen ya ƙunshi bugu bayyananne da zai kama. Idan da na'urar ganga ko kwamfuta ake haɗawa, sai a jona su da agogon MIDI, wato siginar da na'urorin kiɗa suke aika wa juna don su tafi a sauri ɗaya, ɗaya ta ja, sauran su bi. Akwai hanya ta uku mai sauƙi: a yi zagaye na sauti mai ja wanda ba shi da bugu, ya zama shimfiɗa kawai, ƙungiya ta yi tafiyarta a kai.

Kwamfuta ko wayar hannu za ta iya maye gurbin lufa?

Za ta iya. Manhajar Ableton Live tana da lufa a cikinta, akwai kuma Loopy a na'urorin Apple. Abin da ake fama da shi shi ne jinkiri tsakanin bugawa da ji. A saurin naɗa na samfur 48,000 a daƙiƙa, ma'ajin wucin gadi (inda kwamfuta take tara gutsattsarin sauti, wato samfur, kafin ta sarrafa su) mai samfur 128 yana jawo jinkirin kusan milisakan 2.7 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) a shiga da kuma a fita, mai 512 kuma kusan 10.7, ban da abin da na'urar shigar da sauti take ƙarawa. Sauti a iska yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, don haka ƙaramin jinkiri bai wuce tsayawa nesa kaɗan da lasifika ba, amma babba yana karya hannun mai bugu. Kada a yi amfani da abin kunne na Bluetooth, jinkirinsa ya yi yawa. Kuma sai an sami maɓallin ƙafa, domin mai kaɗa jita ba shi da hannu na uku da zai taɓa allo.

Idan na yi kuskure a gaban jama'a fa?

Idan a ɗori ne, ka soke shi da maɓallin sokewa ka sake a dawowa ta gaba, yawancin mutane ba za su lura ba. Ka tuna cewa na'urori da yawa ɗorin ƙarshe kawai suke sokewa, don haka ka raba ɗori da ɗori, kada ka zuba abu uku a takawa ɗaya. Idan kuwa zagaye na farko ne ya karkace, ka goge nan take ka sake, hannunka bai daina kaɗawa ba. Daƙiƙa goma da za ka rasa sun fi minti huɗu na waƙa a kan gurguwar shimfiɗa sauƙi. Wannan gogewa da sakewa ita ma a gida ake koyonta, kamar yadda ake koyon waƙar kanta.

Ta yaya zan hana masu sauraro gajiya, kuma ta yaya ake ƙare waƙa?

Lufin yana da hali ɗaya: komai hawa yake yi, daga kaɗan zuwa yawa. Idan kowace waƙa haka ta tafi, a ta uku jama'a sun riga sun san abin da zai faru. Ragewa ita ce makamin da aka fi sakaci da shi. Ka tsayar da zagayen gaba ɗaya ka rera baiti da jita kawai, sannan ka dawo da shi a kan "ɗaya" lokacin amshi. Ka soke ɗorin ƙarshe a baiti, ka maido shi a amshi, ka ga na'ura mai layi ɗaya ta ba ka sassa biyu. Ka fara waƙa tun a ɗori na biyu, ka ci gaba da ginawa a tsakanin baitoci. Kuma ba kowace waƙa ce take buƙatar lufa ba.

Ƙarshe kuwa tun a gida ake shirya shi. Ko ka tsayar da na'urar a kan "ɗaya" tare da bugu na ƙarshe da hannunka, ko ka rage ƙararta a hankali kana ci gaba da kaɗawa har ya rage kai kaɗai, ko ka cire layuka ɗaya bayan ɗaya. Kafin waƙa ta gaba, ka tabbata ka goge, domin tsohon zagaye da ya faɗo a tsakiyar sabuwar waƙa ba ya gyaruwa.

Me ya kamata a sani game da wuta?

Yawancin ƙananan na'urorin takawa suna aiki da bolt 9, kuma a bakin wayarsu tsakiya ita ce korau, don haka ba kowace adafta da ta shiga ramin ce ta dace ba, wata ma tana iya ƙona na'urar. Lufa tana cin wuta fiye da na'urorin sauya sauti na da, batir ba ya daɗewa a cikinta, wasu kuma kamar ƙaramin Ditto ba su da wurin batir sam. A inda wuta take ɗaukewa ko ake sauyawa zuwa janareta, ƙiftawa ɗaya ta isa ta katse zagaye a tsakiyar waƙa, saboda haka ya kamata lufar ta sami nata batir mai caji ko ƙaramar na'urar riƙe wuta. Idan ana jin gunji a cikin sauti, a magance shi kafin a fara ta hanyar raba wa lufa tata adaftar da kuma amfani da akwatin DI, wato ƙaramin akwatin da ake sawa tsakanin lufa da miksa, domin gunjin da ba a damu da shi ba a ɗori ɗaya zai shiga kowane ɗori ya taru.